Allurar rigakafi da buɗe hanyoyin tafiya ƙasashen waje: amsoshin tambayoyin matafiyan Katsina da Daura

Mafi yawan mutanen jihar Katsina da ke fita ƙasashen waje ba yawon shaƙatawa ke fitar da su ba. Akwai maniyyata Hajji da Umra, akwai 'yan kasuwa masu sarin kaya daga Dubai da Sin, akwai ɗalibai da masu neman magani a Masar da Indiya, sannan akwai ɗimbin jama'ar da ke tsallakawa Maraɗi da Damagaram domin zumunci da ciniki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda irin waɗannan matafiya suka fi yi game da alaƙar allurar rigakafi da izinin shiga wata ƙasa, tun daga shekarun korona har zuwa sharuɗɗan da suka rage a yau.

Me ya haɗa allurar rigakafi da buɗe filayen jiragen sama?

Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, a ranar 11 ga Maris na 2020, babu wata allura da aka tanadar mata, don haka gwamnatoci ba su da abin kare kai sai rufe ƙofa, da killace mai shigowa, da gwaji. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne kada asibitoci su cika har a rasa gadon kwantar da mai fama da numfashi. Da alluran suka fito a ƙarshen 2020, sai ya bayyana cewa wanda aka yi wa su ba kasafai yake kai wa ga kwanciya a asibiti ko mutuwa ba, ko da ya kamu. Daga nan lissafin ya sauya. Ƙasar da ta yi wa yawancin tsofaffinta da ma'aikatan lafiyarta allura tana iya karɓar baƙi ba tare da fargabar durƙushewar asibitocinta ba, kuma baƙon da ya zo da shaidar allura ba a yi masa kallon nauyin da zai faɗo a kan masu masaukinsa. A kan wannan ne Tarayyar Turai ta fito da takardar shaidar korona ta bai ɗaya a ranar 1 ga Yuli na 2021, Amurka kuma ta buɗe wa baƙin da suka yi allura ƙofarta a ranar 8 ga Nuwamba na shekarar.

Yaushe Najeriya ta rufe, kuma yaushe ta buɗe?

An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas a ranar 27 ga Fabrairu na 2020, aka dakatar da jiragen ƙasashen waje a ranar 23 ga Maris. A jihar Katsina, a Daura aka fara tabbatar da cutar cikin watan Afrilu, kuma garin na cikin wuraren da aka fara yi wa kulle a jihar. An dawo da jiragen waje ta Legas da Abuja a ranar 5 ga Satumba na 2020, wato wata shida kafin allura ta iso ƙasar, domin kason farko na kusan miliyan 4 na AstraZeneca bai sauka Abuja ba sai ranar 2 ga Maris na 2021. Saboda haka ba allura ce ta buɗe filayen jiragen Najeriya ba. Gwaji kafin tashi da gwaji bayan sauka ne suka buɗe su. Amfanin allurar ya fi fitowa a ɗaya ɓangaren, wato wajen ƙasashen da 'yan Najeriya ke son shiga.

Ta yaya lamarin ya shafi Hajji da Umra?

A nan ne mutanen Katsina suka fi jin abin a jikinsu. Saudiyya ta dakatar da Umra ga baƙi tun a ƙarshen Fabrairu na 2020, Hajjin wannan shekara kuwa 'yan ƙalilan ne daga mazauna ƙasar suka yi shi, alhali a 2019 mahajjata sun kusan miliyan 2 da rabi. A 2021 an amince wa mutum 60,000, su ma mazauna Saudiyya kawai, kuma sai wanda ya yi allura. Shekara biyu ke nan a jere jirgin alhazai bai tashi daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa ba, kuɗin ajiyar maniyyata da yawa na zaune a hannun hukumar jin daɗin alhazai, wasu suka karɓi abinsu, wasu suka bar shi da fatan baɗi.

An buɗe Umra ga baƙi masu shaidar allura a watan Agusta na 2021, amma a watan Disamba sai Saudiyya ta dakatar da jirage daga Najeriya saboda ɓullar nau'in korona mai suna Omikron, ba ta ɗage ba sai a watan Maris na 2022. Hajjin 2022 shi ne na farko da baƙi suka dawo, inda aka ƙayyade adadin mahajjata ga miliyan 1, aka ba Najeriya kujeru 43,008 maimakon 95,000 da ta saba samu, tare da sharuɗɗa uku: cikakkiyar allurar korona, gwajin da ya nuna mutum ba ya ɗauke da cutar cikin awa 72 kafin tashi, da kuma kasancewa ƙasa da shekara 65. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi ɗaci a wurinmu, domin a ƙasar Hausa galibi sai mutum ya aurar da 'ya'ya, ya tara abin da ya tara daga noma ko kiwo, kafin ya biya kujera. Dattijon da ya ajiye kuɗinsa a farkon 2020 yana da shekara 64 ya wayi gari a 2022 ya haura iyakar da aka yanka, ga kuɗi ga katin allura a hannu, amma ba halin tafiya. Sai a 2023 aka cire ƙayyade shekarun, aka mayar wa Najeriya kujerunta 95,000, ko da yake zuwa lokacin faɗuwar darajar naira ta fara hana mutane abin da annoba ta hana su a baya.

Shin da korona aka fara neman shaidar allura a wurin matafiyi?

A'a, kuma duk wanda ya sauke farali kafin 2020 ya san haka. Bayan ɓarkewar sanƙarau a Hajjin 1987, Saudiyya ta wajabta allurarsa ga mahajjata, sannan da wani nau'in cutar ya sake ɓulla a Hajjin 2000 da na 2001 aka koma neman allurar da ke kariya daga nau'o'i huɗu, wadda har yau ita ake yi wa maniyyata kafin a fara jigila. Arewacin Najeriya na da nasa tabon a wannan tarihi. A 1996 annobar sanƙarau ta kama sama da mutum 100,000 ta kashe sama da 11,000, kuma a wannan shekara Saudiyya ta hana alhazan Najeriya shiga ƙasarta. Manya da yawa a Katsina da Daura suna tune da shekarar da aka shirya jaka aka yi sallama da dangi, tafiyar ba ta yiwu ba.

Shan inna ma ya bar mana darasi makamancin wannan. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafinsa a wasu jihohin Arewa, musamman Kano, saboda zargin cewa an gurɓata shi, zargin da gwajin da aka yi wa marasa lafiya da wani magani a Kano lokacin annobar 1996 ya ƙara wa ƙarfi a zukatan jama'a. Kafin a dawo da ɗigon a 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, har ta kai Yaman da Indonesiya. Sakamakon haka alhajin Najeriya, komai furfurarsa, ya sha iske jami'in lafiya a filin jirgin Jidda ko Madina ya ce ya buɗe baki a ɗiga masa maganin da a gida yara 'yan ƙasa da shekara biyar ake bi gida-gida ana ba su. An ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a ranar 25 ga Agusta na 2020, bayan an ga na ƙarshe a Borno a 2016, amma da yake wani nau'in da ya rikiɗa yana ci gaba da yawo a Arewa maso Yamma, sunan Najeriya bai fita daga jerin ƙasashen da ake sa wa ido ba.

Akwai kuma misalin da ya zo da akasin haka. A 2014, lokacin Ebola, Saudiyya ta hana mahajjatan Gini da Laberiya da Saliyo, amma ta bar na Najeriya suka je, saboda an shawo kan cutar da wuri bayan shigarta Legas. Babu allura a wancan karon. Yarda da aikin hukumomin lafiyar ƙasar ce ta buɗe hanya.

Me ya sa wasu da suka yi allurar korona a Najeriya suka ci gaba da shan wahalar tafiya?

Dalili na farko shi ne ƙarancin allurar kanta. Ƙasashe masu arziki sun saye kaso mafi yawa tun kafin a sarrafa, shirin COVAX na raba allurar ga ƙasashen duniya da ƙasashen Afirka suka dogara da shi kuma ya jingina ne da masana'antar Serum ta Indiya, wadda ta tsayar da fitarwa a 2021 lokacin da annobar ta yi tsanani a can. Najeriya ta jira har watan Agusta kafin babban kaso na biyu ya iso. Wani abin da aka kawo daga baya ya zo ne dab da ƙarewar wa'adinsa, har ta kai ga a watan Disamba na 2021 hukumomi suka lalata sama da allurai miliyan 1 a Abuja. Shekarar ta ƙare ba a kai ga yi wa kashi 10 cikin 100 na mutanen Afirka cikakkiyar allura ba.

Dalili na biyu shi ne rashin amincewa da takarda. Allurar AstraZeneca da aka sarrafa a Indiya, mai suna Covishield, ba ta cikin waɗanda hukumar magunguna ta Turai ta amince da su da farko, don haka kowace ƙasa a can ta yanke nata hukuncin. Birtaniya ma sai a watan Oktoba na 2021 ta fara karɓar katin Najeriya, kuma ba a yi wata biyu ba ta sa ƙasar cikin jerin waɗanda ta hana shiga saboda Omikron, daga 6 zuwa 15 ga Disamba, inda mai izinin zama da ya dawo a wannan tsakanin sai ya biya fam 2,285 na killacewar kwana goma a otal, ko ya yi allura ko bai yi ba. A ganin mai wannan rubutu, wannan mataki ya fi kama da tsoro da siyasar cikin gida fiye da kiwon lafiya, tun da a lokacin nau'in ya riga ya shiga Birtaniyar, kuma saurin janye shi ya nuna haka. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha yin gargaɗi cewa kada a mayar da katin korona sharaɗi tilo na tafiya muddin ba a raba allurar daidai tsakanin ƙasashe ba.

Idan ƙasa ta yi wa jama'arta allura sosai, lallai ne ta buɗe?

Ba lallai ba ne. Sin ta yi wa mafi yawan mutanenta allura tun 2021, amma ba ta daina killace masu shigowa ba sai ranar 8 ga Janairu na 2023, bizar baƙi kuma sai a watan Maris na shekarar ta dawo gaba ɗaya. 'Yan kasuwarmu da ke sarin kaya a Guangzhou sun shafe kusan shekara uku suna oda ta waya ta hannun dillalai, ba su ganin kaya sai ya sauka. Dubai kuwa ta buɗe wa baƙi tun watan Yuli na 2020, kafin allura, sai dai taƙaddamar gwaji da ta jirage da ta biza tsakaninta da Najeriya ta yi ta tsinka hanyar har zuwa 2024.

Iyakar Jibiya da ta Kwangwalam fa?

Labarinsu daban ne, kuma bai kamata a ɗora wa korona ko allura abin da ba nasu ba. Gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa tun a watan Agusta na 2019 domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da man fetur, wata shida kafin annobar ta iso. A watan Disamba na 2020 aka buɗe huɗu, ciki har da Illela da Maigatari, amma Jibiya sai a watan Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli na 2023 aka sake rufewa bisa takunkuman ƙungiyar ECOWAS, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024. Abin da ke da alaƙa da lafiya a waɗannan iyakoki shi ne katin shawara, wato shaidar allurar zazzaɓin shawara, wanda Nijar ke nema a hukumance daga mai shiga. Gaskiya ne mutumin Mai'aduwa ko Zangon Daura da ke zuwa biki a ƙauyen da ke tsallake ba ya tunanin wani kati, amma wanda zai bi babbar hanya ya nausa Damagaram ko Yamai yana iya gamuwa da shingen da za a nemi ya nuna shi.

Shin allura ta dawo da baƙi masu yawon buɗe ido zuwa Katsina da Daura?

A duniya baki ɗaya ta taimaka ƙwarai. Masu tafiya yawon buɗe ido tsakanin ƙasashe sun kai kusan biliyan 1 da rabi a 2019, suka ragu da sama da kashi 70 cikin 100 a 2020, kuma sai a 2024 adadin ya kusan komawa yadda yake. A nan gida kuwa lissafin bai bi wannan hanya ba. Hawan Sallah a Ƙofar Soro, da Hawan Bariki, da Sallar Gani a Daura, da hasumiyar Gobarau, da rijiyar Kusugu, duk suna nan, kuma annobar ta hana hawa a 2020 kamar yadda ta hana a sauran masarautu. Amma abin da ke hana baƙon Turai ko na Asiya zuwa kallon hawa a yau shi ne gargaɗin da ofisoshin jakadancinsu ke yi musu game da 'yan bindiga da satar mutane a jihar, ba tsoron cuta ba. Baƙin da suka dawo da wuri su ne na jini, wato 'yan'uwa daga Nijar da 'yan asalin jihar mazauna wasu garuruwa.

Akwai kuma gefen da ba a cika kula da shi ba, wato mai yawon cikin gida. A 2019 an samu ɓarkewar zazzaɓin shawara da aka danganta da yankin gandun dajin Yankari a jihar Bauci, har ta kama wasu da suka je ziyara daga wata jiha. Allurar da ake ɗauka ta masu fasfo ce kawai tana da amfani ga wanda bai taɓa hawa jirgi ba.

A yanzu ana neman katin korona?

A mafi yawan ƙasashe ba a nema. Najeriya ta soke sharuɗɗan gwaji ga matafiya a watan Disamba na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a ranar 5 ga Mayu na 2023, Amurka ma ta cire sharaɗinta cikin wannan watan. Saudiyya na fitar da ƙa'idojin lafiya na kowane Hajji daban, kuma tana iya ambaton korona ko mura ga tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe a jiki, don haka abin da hukumar alhazai ta ƙasa, wato NAHCON, da ta jiha suka sanar a wurin bita shi ne abin bi, ba abin da aka yi bara ba.

Mene ne katin shawara, kuma yaya na gaskiya yake?

Ɗan littafi ne mai ruwan ɗorawa, wanda matafiya ke kira yalo kad, kuma shi ne shaidar allurar da dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa suka ba kowace ƙasa damar nema. Sauro ne ke yaɗa zazzaɓin shawara, kuma irin wannan sauron yana nan a ƙasashen da cutar ba ta taɓa shiga ba, shi ya sa ƙasa kamar Indiya ke killace wanda ya zo daga Najeriya ba kati har tsawon kwana shida. Sashen kula da lafiya na tashoshin shiga da fita, ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, shi ke bayar da shi, kuma tun 2019 aka koma sabon samfuri mai lambar da ake dubawa da waya, wanda ake biyan kuɗinsa ta intanet kafin a je a karɓi allurar. Idan an miƙo maka katin, ka buɗe ka duba cewa sunanka da lambar fasfonka sun yi daidai da na fasfon harafi da harafi, an rubuta ranar allura da lambar rukunin maganin da ke jikin kwalba, jami'i ya sa hannu, an kuma buga hatimi. Katin na fara aiki kwana goma bayan allurar, kuma tun daga 11 ga Yuli na 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sabunta bayan shekara goma kamar da ba.

Wani ya ce zai samo mini kati ba tare da an yi mini allura ba. Akwai matsala?

Akwai, ta fuska biyu. Mai katin bogi yana tafiya ba kariya, kuma wanda ya shiga cunkoson Mina da tantunanta ba tare da allurar sanƙarau ba yana iya ɗauko ƙwayar a maƙogwaronsa ya kawo wa iyalinsa, ko da shi bai kwanta ba, kamar yadda aka gani bayan Hajjin 2000. Sannan wake ɗaya ke ɓata gari: a watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg bisa zargin katin shawara na bogi, Najeriya ta rama da korar nasu, sai da aka ba da haƙuri a hukumance kafin ƙura ta lafa. Kowane kati na ƙarya da aka kama yana rage darajar na gaskiyar da ke hannun mai bin layi a bayanka.

Mai juna biyu, ko tsoho, ko mai wani ciwo fa?

Allurar shawara na ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, saboda haka ba a yi wa jariri ɗan ƙasa da wata shida, a al'ada ma sai ya kai wata tara, kuma ba a yi wa wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai ko wanda cin ƙwai ke tayar masa da mummunar borin jini. Mai juna biyu da wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yin ta ba sai likita ya auna amfaninta da haɗarinta. Idan likita ya hana, yana iya rubuta takardar uzuri, sai dai ƙasar da za a shiga ita ke da ikon karɓa ko ƙi, don haka a tambayi ofishin jakadancinta kafin a sayi tikiti.

Allura na karya azumin mai shirin Umrar Ramadan?

Babban muftin Saudiyya ya bayyana a 2021 cewa allurar korona ba ta karya azumi, tun da ba abinci ba ce ba kuma abin sha ba, kuma malamai da dama sun tafi a kan haka game da allurar da ake yi a tsoka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana iya yin ta a Sha'aban, wanda ma ya fi dacewa da lissafin kwanakin da ake buƙata kafin tashi.

Yaushe ya kamata matafiyi ya fara shiri?

Wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi kafin ranar tashi. Allurar sanƙarau da ta shawara duk suna buƙatar aƙalla kwana goma kafin isa, kuma ta sanƙarau na da wa'adi, shekara uku ko biyar gwargwadon nau'in da aka yi wa mutum, don haka wanda ya je Hajji shekarun baya ya duba ranar da ke katinsa maimakon ya ɗauka yana nan a kan ta da. Maniyyacin da ke tafiya ta hukumar jiha zai sami allurarsa a cikin tsarin tantance lafiya, amma mai Umra ta kamfani mai zaman kansa, da ɗalibi, da ɗan kasuwa, su ne za su nemi tasu da kansu, kuma su suka fi isa filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja da katin da bai cika kwana goma ba. A ɗauki hoton kowane shafi a waya, a sa ainihin katin a jakar hannu tare da fasfo, kada a cusa shi cikin babbar jakar da za a auna a wuce da ita.